Shagon gyaran keken da ya kai ni Daura ya dawo da ni

Tun ranar da na ɗora hoton kekena a bakin rijiyar Kusugu mutane ke ta tambayata a WhatsApp da Facebook, wai ina nake kai gyara, wa ya saita mani shi, to bari in yi bayanin gaba ɗaya a nan kowa ya huta. Shagon yana cikin garin Katsina ba nisa da Ƙofar Ƙwaya, ba zan saka suna ko lamba ba saboda mai shagon dattijo ne da baya son ana yawo dashi a waya, ya roƙe ni kuma na ɗaukar mashi alkawari. Mu dai Baba muke ce mashi, duk mai hawan keken tsere a garin nan in ka tambaye shi zai kwatanta maka.

Ni ba ɗan wasa bane, ma'aikaci ne mai iyali, shekarata 34. Kekena na gwanjo ne, bodin alminiyam, giyar Shimano Sora 9 a baya 2 a gaba. Mu tara ne muke fita tare ran Asabar, sai muka sa ma kanmu tsere daga Katsina zuwa Daura da dawowa a rana ɗaya, tafiyar wajen kilomita 80 ce, kaga zuwa da dawowa ya zama 160 da 'yan kai. Ba gasar hukuma bace, ba kofi ba kuɗi, amma wallahi mun ɗauke ta da gaske, muka tsaida ƙarshen watan Janairu muka ba kanmu sati 12 na shiri. A lokacin mafi nisan da na taɓa yi kilomita 45 ne, kuma duk sanda na wuce 30 sai gwiwata ta dama ta fara ciwo ta gaba, yatsuna su yi sanyi kamar ba nawa ba, giya kuma in na taka da ƙarfi sai ta yi tsalle ta ce ƙas. Da wannan ciwon gwiwar na je wurin Baba, ina tunanin giya kawai zai gyara mani.

Ranar farko ko sifana bai ɗauka ba sai da ya ce in hau. Ya sa yaron shagon ya riƙe mani kan keken, yace "Ɗana, ɗora diddigenka kan feda ka sauke ta ƙasa." Na ɗora, ya duƙa ya kalli gwiwata yaga ta lanƙwashe sosai, ya girgiza kai yace ai wannan sirdin na yaro ne, kana hawa kamar wanda ya zauna kan turmi. A cewarshi in diddige yana kan feda tana can ƙasa ya kamata ƙafa ta miƙe sak, in ka maida tafin ƙafa wurinshi sai ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shikenan. Santimita 4 sirdin ke buƙatar ɗagawa amma ya ƙi ɗaga su lokaci guda, ya ɗaga 2 yace in yi sati in dawo, wai jijiya bata son a yi mata ba-zata. Da na koma gida ban yarda ɗari bisa ɗari ba sai na gwada lissafin da ake dangantawa da Greg LeMond, ɗan Amurkan nan da ya ci Tour de France, babban tseren keke na ƙasar Faransa, sau 3, a 1986 da 1989 da 1990. Kana tsayawa jikin bango ba takalmi, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin, sai ka ninka da 0.883. Matata ta auna mani da tef ɗin ɗinkinta ya ba da santimita 84, lissafi ya fito 74 da ɗan ɗigo daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Da Baba ya gama ɗagawa a sati na biyu na sa tef, bambancin bai kai rabin santimita ba. Mutumin da bai taɓa jin sunan LeMond ba. Ciwon gwiwar nan kafin sati uku na neme shi na rasa, yatsun ma suka daina mutuwa bayan ya ɗan ɗaga kan keken ya kuma daidaita hancin sirdin da ke kallon ƙasa yana turo ni gaba duk nauyina na sauka a hannu.

Daga nan ya koma kan sarƙa. Ya ɗauko wata tsohuwar rula ta ƙarfe ya ɗora, yace sabuwar sarƙa gaɓa 12 inci 12 ne cif, in ta wuce da kaɗan sarƙa ce kaɗai za'a canza, in ta wuce da kashi ɗaya cikin takwas na inci to ta riga ta cinye haƙoran giyar baya. Tawa ta wuce. Ya nuna mani haƙoran da yatsa, sun zama masu tsini sun karkace gefe guda, yace ko na sa maka sabuwar sarƙa a kan waɗannan tsallen zata ci gaba da yi, gara ka haƙura ka canza duka biyun. Abinda ya kashe ta kuwa baƙin mai ne. Inda nake kai gyara a da, bawan Allah yana tsiyaya mani baƙin man inji har yana ɗiga, ni kuma ina murna an yi mani aiki, ashe a ƙurar hunturun Katsina baƙin mai da yashi in suka haɗu sun zama kamar sanfefa, suna goge ƙarfen ne a hankali. Baba da kananzir yake wankewa da tsohon buroshin haƙori, ya bari ta bushe, ya ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ya goge na waje da tsumma har sai ka taɓa baka ga baƙi a hannunka ba. Ya koya mani nake yi da kaina duk bayan fita biyu.

To a nan ne na fara ganin matsalar shagon, kuma gaskiya ta ɓata mani rai sosai. Bashi da sarƙa mai giya 9 ko haƙoran baya a ajiye, sai an aiko daga Kano. Yace kwana uku. Kwana 11 aka yi. Kullum na je sai "gobe in sha Allahu ɗana, direban bai taso ba", na kira waya ba'a ɗauka, ni kuma sati na na tafiya, haka na yi fita biyu masu nisa da tsohuwar sarƙa ina lallaɓa ta ban isa in tashi tsaye in taka ba. Da kayan suka iso aikin minti 40 ne kuma ya yi kyau ƙwarai, giya na shiga shiru kamar ba ita ba, amma da tun farko yace mani sati biyu da na san yadda zan tsara kaina. Duk mai shirin wani abu mai rana tsayayya ya kai kekenshi da wuri, kar ya bari sai saura kwana goma.

Taya ma ya canza mani tunani. Da mai faɗin milimita 23 nake hawa ina bugawa iska har 110 a agogon famfo don na ɗauka tauri shine gudu, duk wani ɗan rami sai na ji shi har cikin haƙorina. Ya duba yaga bodin zai ɗauki 28, ya sa mani su ya tsaida iska wajen 80, kuma famfonshi mai agogo ne ba irin a matsa da babban yatsa a ce ya yi ba. Sannan ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa a cikin tayar saboda tsidau. Wanda bai san tsidau ba ya tambayi duk wanda ya taɓa sauka gefen titi a daminar da ta wuce, ƙayar nan in ta bushe tana kwance a bakin hanya tana jira, na taɓa yin faci uku a fita ɗaya. Bayan shimfiɗar nan sau biyu kacal na yi faci a sati 10. Ya kuma bani wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ake ɗaurawa kan siririn bawul ɗin keken tsere don famfon mai facin babur ya kama, yace in ajiye shi a aljihu kamar makullin gida domin a ƙauye ba wanda ke da famfon irin bawul ɗinmu.

Amma abinda yasa nake wannan dogon rubutu ba ƙarfe bane. Wata rana ina jiran ya ɗaure mani sifok na nuna mashi Strava, manhajar da ke auna gudu da nisan tafiya, a wayata ina alfahari, kullum ina yin kilomita 28 zuwa 30 a awa a kan ring rod. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido ya duba, yace "Kullum haka kake gudu kamar an biyo ka?" Nace eh Baba ai tsere zamu yi. Yace to ba zaka kai Daura ba, ko ka kai ba zaka dawo ba. Ashe shi ma ya yi tseren keke da ƙuruciya tun muna cikin tsohuwar jihar Kaduna kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. Ma'aunin da ya bani mai sauƙi ne, yace in kana tafiya da abokinka ka gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya aiki, in numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshe to ka yi sauri da yawa, ka rage. Haka zaka yi yawancin kwanakinka, rana ɗaya tak a sati ka wahalar da kanka da gaske.

Na ji nauyin abun don a gudun gaisuwar nan 22 zuwa 23 nake yi a awa, har masu Fonis ɗauke da buhu suna kusa kamo ni, abokaina suna ta tsiya wai na tsufa. Daga baya na ci karo da bayanin Stephen Seiler, wani mai bincike a Norway da ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, ya samu kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi, sauran 20 ne mai zafi. Dalilin kuwa a gudu mai sauƙi jiki yana koyon ƙona kitse yana adana sukarin da ke ajiye a tsoka da hanta, wanda in kana gudu da ƙarfi cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu yake ƙarewa, kuma washegari kana iya sake hawa ba tare da ƙafa ta yi nauyi ba. Abinda nake yi a da shine tsaka-tsaki kullum, ba sauƙin da zai gina ni ba zafin da zai ƙara mani gudu, gajiya kawai nake tarawa.

Ga yadda satina ya koma. Talata bayan sallar Asuba awa ɗaya a hankali. Laraba ita ce ranar wuta, in ɗumama jiki minti 15 sai in yi minti 4 da ƙarfi minti 4 a hankali har sau 4, daga baya na kai sau 6. Alhamis awa ɗaya a hankali, Juma'a hutu ba na ko kallon keken, Asabar doguwar tafiya tare da jama'a, Lahadi in jiki ya yarda minti 40 na warware ƙafa. Doguwar ta Asabar na fara da 45, na je 55, na je 65, sai sati na huɗu na sauko 40 don jiki ya huta, sannan 80, 95, 105, na sake saukowa, sai 120 da 135. Ban taɓa yin 160 ɗin a atisaye ba, Baba yace ba sai ka yi ba, wanda ya yi 135 lafiya lau sauran 25 zuciya ce zata kai shi. Satin ƙarshe na rage komai da fiye da rabi. Ya kuma hana ni taka giya mai nauyi, wai ita ke cin gwiwa, in sa mai sauƙi ƙafa na juyawa wajen sau 85 zuwa 90 a minti. Bani da na'urar ƙirgawa, sai in ƙirga hawan gwiwar dama cikin daƙiƙa 15, in na samu 21 ko 22 na san ina daidai.

Ranar 105 ɗin nan ita ce ta koya mani cin abinci. Na fita da koko kofi ɗaya a ciki da gorar ruwa biyu, sanyin hunturu yasa ban ji ƙishirwa ba don zufar tana bushewa kafin ka ganta, wajen kilomita 85 kawai sai naji ƙafata ta mutu, idona na ganin duhu-duhu, hannuna na rawa, na zauna ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya na kasa ko magana sai da wani mai shayi ya haɗa mani mai sukari da yawa da burodi. Da na ba Baba labari ranar Litinin ya yi mani faɗa sosai kamar ɗanshi na cikinshi, yace ba'a jiran yunwa a kan keke, in ka ji ta to ta riga ta kada kai. Masana na cewa giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa in tafiya ta yi tsawo, ni dai na maida shi dabino uku ko huɗu duk minti 30, ayaba ɗaya duk awa, gora ɗaya ta ruwa a awa, gora ta biyu kuma in zuba mata garin ORS saboda gishirin da ke fita. Man kaɗanya kuma na shafawa a leɓe da cinya, wanda ya taɓa yin awa biyar kan sirdi ya san dalili.

Sauran abinda ban ji daɗinshi ba a shagon, wurin zama benci ɗaya ne kuma rana na dukanshi daga ƙarfe 11. In Baba baya nan kar ka bar ma yaran saitin giya, suna da ladabi da ƙoƙari, faci da wanki suna yi da kyau, amma sau ɗaya ɗayansu ya taɓa mani giyar gaba sai da ta riƙa gogar sarƙa har Baba ya dawo ya sake. Baya karɓar tiransifa, sai ka nemi mai POS ka ciro. Sannan in kekenka mai birkin mai ne ko bodin kabon ko giya 11 zuwa sama, zai gaya maka kai tsaye bashi da kayan aikinsu, wannan kam na yaba mashi don wani zai karɓa ya lalata maka. Rashin kayan keken tsere ba matsalar shagonshi kaɗai bace, kowa ya tuna Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, keken da ta yi tseren cikin fili dashi aro ta yi wurin tawagar Jamus. A 2024 ɗin kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango 3 a Tour de France ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi kowa tara maki. Ina kallon waɗannan biyun ina tunanin yaran da nake gani suna tsere da kekunan makaranta a hanyar Dutsin-ma, ƙafa akwai wallahi.

Kuɗin aikinshi kuwa, in ka cire kuɗin kayan da aka sayo, duk abinda na biya shi a sati 12 bai kai kuɗin motar zuwa Kano da dawowa sau biyu ba, awon sirdi da duk shawarwarin nan ko sisi bai karɓa ba, da na matsa sai yace in sai ma yaran abinci.

Ranar tseren mun tashi gari ya fara wayewa, mun yarda ba mai tafiya cikin duhu kuma ba'a barin mutum shi kaɗai a baya, mota ɗaya na bin mu da ruwa. Daura gabas take da Katsina, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, kenan tun daga fita a fuska muke shanta. Mutum huɗu suka fizga tun daga bakin gari, zuciyata ta so in bi su, na tuna gaisuwar Baba na juya na gaida na kusa dani har ya yara, na tsaya a 22. A Mashi na cika gora na ci ayaba ban zauna ba. Awa 3 da minti 50 na shiga Daura, na ɗauki hoton nan a Kusugu, na sha fura rabin kofi na juyo. A dawowa iska ta koma bayana sai naga 29, 30 ba tare da na ƙara ƙarfi ba, kafin Mashi na wuce biyu daga cikin huɗun nan, ɗaya jijiyar cinya ta ɗaure mashi yana zaune a mota. Wajen kilomita 130 tayar baya ta sace, wata 'yar waya ce ta shige, na canza tiyub cikin minti 8 don Baba ya sa na yi ta cire tayar baya ina maidawa a gabanshi har sau biyar. Kilomita 20 na ƙarshe wuyana da ƙasan bayana sun yi ciwo sosai, amma gwiwa ko ɗis. Awa 7 da minti 10 duka, na zo na uku, mu bakwai muka gama cikin tara.

Washegari da la'asar na tura keken shagon ko wanke shi ban yi ba. Baba ya ɗaga tayar baya ya juya ta yana kallon tsakanin rim da birki, yasa kunne, ya matsa sifok ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya kan wani yace wannan ya saki. Sai da ya ɗaure shi sannan ya ɗago yace "Gwiwar fa?" Nace lafiya lau Baba. Yace to madalla, ka bar shi nan ka zo ran Talata, boris ɗin gaba na son giris. Na bar shi, sai ran Alhamis na samu.